Sunan Haja da Tambarinta: Abin da Rajista Ke Karewa da Abin da Ba Ta Karewa

Idan rigima ta tashi a kasuwa a kan suna, maganar da ake fara ji ita ce, “Ai ni na yi rajista.” Mai gidan burodi ne ya wayi gari ya ga wani ya buga leda irin tasa sak, ko mai turaren wuta ta ga sunan da ta yi shekaru tana tallatawa manne a jikin kwalbar da ba daga hannunta ta fito ba. Da an ce a kawo takarda, galibi abin da ake fitowa da shi satifiket ɗin Hukumar Rajistar Kamfanoni ne, wato CAC, wani lokaci kuma lambar NAFDAC. Takardun nan biyu na gaske ne, kuma kowace da amfaninta, sai dai ba wadda ke mallaka wa mutum sunan hajarsa a cikinsu. Wannan aikin wani ofishi ne daban, a ƙarƙashin wata doka daban, kuma 'yan kasuwa da yawa ba sa jin labarinsa sai ranar da lauyan wani ya aiko musu da wasiƙa.

## Mece ce alamar kasuwanci?

Alamar kasuwanci, wadda lauyoyi da ma'aikata ke ce wa tiredmak da lafazin Ingilishi, ita ce duk wata shaida da ke gaya wa mai saye cewa kayan nan daga wurin wane suka fito. Tana iya zama kalma, ko zane, ko haruffa, ko lamba, ko sa hannu, ko haɗin wasu daga cikinsu. Tambari, wanda matasa ke kira logo, nau'i ɗaya ne daga cikin nau'o'inta. Mai saye ya daɗe da sanin wannan abu tun kafin a faɗa masa sunansa. Tsoffin 'yan tireda sun saba da wanda zai zo ya ce a ba shi batir mai kan damisa, ko sabulu mai makulli, ko a je a sayo siminti mai giwa. Bai karanta rubutun da ke jiki ba, amma ya san abin da yake nema, kuma idan aka ba shi wani zai mayar.

Akan cakuɗa alamar kasuwanci da wasu haƙƙoƙi uku. Haƙƙin mallaka na marubuci ne da mawaƙi da mai shirya fim, yana samuwa da zarar an yi aikin ko ba a je ofishin kowa ba, kuma a Najeriya dokar 2022 ce ke tafiyar da shi. Haƙƙin ƙirƙira, wanda ake ce wa feten, na wanda ya ƙago sabuwar na'ura ne ko sabuwar dabarar sarrafa abu, yana ƙarewa bayan shekara 20. Akwai kuma rajistar zane, irin zanen jikin atamfa ko siffar kwalba, wadda ke yin shekara 5 a sabunta ta sau biyu. Duk waɗannan suna da ranar mutuwa. Alamar kasuwanci ba ta da ita, muddin ana amfani da ita ana kuma sabunta ta.

Abin da take karewa shi ne suna da kama, ba kayan kansu ba. Wanda ya yi rajistar sunan yajinsa ba zai hana maƙwabcinsa daka yaji da citta da kanumfari da masoro iri ɗaya ba. Abin da zai hana shi ne ya zuba shi a mazubi mai ɗauke da sunan nan, ko wanda ya yi kama da shi har mai saye ya ruɗe.

## Daga ina ruɗanin CAC ya fito?

An kafa CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990, wadda aka sake fasalinta a 2020. Aikinta shi ne ta san su wa ke bayan kowane kasuwanci, ina adireshinsu, wa ke da hannun jari nawa. Da satifiket ɗinta ake buɗe asusun banki da sunan kasuwanci, da shi ake neman kwangila. Kafin ta bayar takan duba kundinta ta ce wa mutum sunan da ya zaɓa ba mai shi, kuma nan ne kuskuren ke shiga. Mutum ya ji an ce ba mai shi sai ya ɗauka ko'ina ake nufi, alhali kundin kamfanoni kaɗai aka duba.

Sunan kamfani daban, sunan haja daban. Nestlé kamfani ɗaya ne, amma Maggi da Milo da Nido kowanne alama ce mai rajistar kanta. Kundin waɗannan alamomi yana hannun Ofishin Rajistar Alamomin Kasuwanci da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Dokar da ofishin ke aiki da ita ta 1965 ce, ta fara aiki a 1967, kuma an ɗauko tsarinta daga dokar Ingila ta 1938. Ingilar ta sauya tata a 1994, Najeriya kuwa ta ci gaba da tsohuwar da ɗan faci nan da can.

Ƙarfin takardun biyu ma ba ɗaya ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba CAC ikon ƙin sunan da ya ci karo da alamar da wani ya riga ya yi wa rajista, sai da yardar mai ita. Ke nan mai alama yana iya tare mai neman sunan kamfani. Mai sunan kamfani kawai ba ya da irin wannan hanya a sauƙaƙe idan wani ya riga shi zuwa ofishin alamomi.

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ingancin abinci da magani da kayan shafa ne damuwarta. Ita kanta takan nemi shaidar alamar kasuwanci kafin ta ba kaya masu suna lamba, abin da ke nuna cewa lambarta ba ta tsaya a madadin rajistar ba. Haka shafin Facebook ko Instagram mai mabiya dubbai: yana iya zama hujjar cewa mutum ya daɗe yana amfani da suna, amma ba rajista ba ne.

## Aji, matakai da takardar da ba ta kai satifiket ba

Ba a yin rajistar suna a kan komai da komai. An kasa kayayyaki da ayyukan hidima gida 45, bisa tsarin da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957. Daga 1 zuwa 34 na kaya ne, daga 35 zuwa 45 na hidima. Turare da sabulu da man shafawa suna aji na 3, magani na 5, yadi na 24, tufafi da takalma da huluna na 25. Nama da madara da man girki suna na 29, shinkafa da fulawa da shayi da kayan yaji na 30, ruwan leda da lemo na 32, gidan abinci da otal na 43. A Najeriya kowane aji da takardar nemansa da kuɗinsa. Mai kilishi da ya yi rajista a aji na 29, in ya fara sayar da yaji a leda ya shiga na 30, in ya buɗe gidan abinci ya shiga na 43, kuma rajistar farko ba ta bin sa can da kanta. Wannan ne dalilin da ya sa ake iya ganin suna ɗaya a jikin siminti da jikin biskit na mutane biyu da ba su san juna ba, ba wanda ya taka wani.

Batun hidima ya daɗe yana jawo gardama, domin dokar 1965 kaya kawai ta ambata. Tun 2007 ofishin ke karɓar alamomin bankuna da makarantu da kamfanonin sufuri bisa umarnin minista, lauyoyi kuma suka yi ta tambayar ko umarnin minista ya isa ya ƙara wa doka abin da majalisa ba ta sa ba. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a Fabrairun 2023 ce ta kashe maganar: ta shigar da hidima, ta kuma faɗaɗa ma'anar alama har ta haɗa siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka.

Matakan kansu ba su da wuyar ganewa. Akan fara da bincike a kundi don a ga ko wani ya riga ya ɗauki sunan ko makamancinsa a wannan aji. Sai a shigar da takardar nema, mutum da kansa ko ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, a ba shi takardar shaidar karɓa mai lamba da kwanan wata. Ma'aikata su duba, in ba su ga cikas ba su ba da takardar amincewa. Daga nan a buga alamar a mujallar ofishin, a ba duk mai ƙorafi wata 2 ya shigar da shi. In an yi ƙorafi magatakarda ya saurari ɓangarorin biyu, wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya. In ba a yi ba, a ba da satifiket. Rajistar farko shekara 7 take yi, ana ƙirgawa daga ranar da aka shigar da nema, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A aikace tafiyar kan ci shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, yawanci saboda jiran fitowar mujalla.

Jiran nan yana da haɗari ga wanda bai san matsayinsa ba. Mutane da yawa suna riƙe da takardar amincewa suna ce mata satifiket. A shari'ar Dyktrade da Omnia, kan wani dutsen goge daɓe mai suna Super Rocket, Kotun Ƙoli ta yanke a 2000 cewa amincewa da takardar nema ba rajista ba ce, kuma ba ta ba mutum ikon kai ƙarar keta alama. Haka batun 'yan haruffan da ake sa wa a gefen suna. TM kowa na iya sa wa, iƙirari ne kawai cewa wannan alamata ce. Harafin R da ke cikin da'ira kuwa na mai satifiket ne, kuma nuna alama a matsayin mai rajista alhali ba ta da ita laifi ne a doka.

## Sunayen da ofishin ba ya karɓa

Sunan da ɗan kasuwa ya fi so sau da yawa shi ne wanda doka ta fi ƙi. Mai ruwan leda yana son a ce “Ruwa Mai Sanyi”, mai shinkafa yana son “Gangariya”, domin sunan na yi masa talla. Amma waɗannan kalmomi ne da kowane mai ruwa da kowane mai shinkafa ke buƙata don siffanta kayansa, ba za a ba mutum ɗaya su ya kulle ba. Haka sunan gari a ma'anarsa ta yau da kullum, da sunan iyali tsurarsa, sai in mutum ya kawo hujjar cewa tsawon amfani ya sa jama'a sun san sunan da kayansa shi kaɗai. Ba a karɓar abin da zai yaudari mai saye, ko na batsa, ko tambarin ƙasa. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka ƙaga, irin Kodak da ba ya da ma'ana a kowane harshe, ko kalmar da ba ruwanta da kayan, kamar a sa wa siminti giwa.

## Ido da kunnen mai saye

Mai kwaikwayo ba kasafai yake ɗaukar suna sak ba. Yakan sauya harafi ɗaya, ko ya bar launi ya canza kalma, in an yi magana ya ce kama da wane ba ta wane. A kotu wannan hujja ba ta cika tsayawa ba. Alƙali ba ya ajiye kayan biyu gefe da gefe yana neman bambanci kamar mai duba takardar kuɗi. Yakan tambayi kansa ne game da mai saye na yau da kullum, wanda ya ga kayan makon jiya, yau ya zo cikin sauri ko ya aiko yaro, wanda ƙila ma bai iya karanta boko ba: zai ruɗe ko ba zai ruɗe ba?

A 1968 Kotun Ƙoli ta duba wasu magunguna biyu, Castoria da Casorina. A rubuce sun bambanta, amma a bakin mai saye da kunnen mai kanti kusan ɗaya suke, kuma kotun ta ce kunne ma abin lura ne kamar ido. Kafin nan, a 1961, an yi ta Niger Chemists da Nigeria Chemists, kantunan magani biyu a titi ɗaya a Onitsha, aka hana na biyun amfani da sunan. A Kano kuma, a 1972, kamfanin alewar minti ta Trebor ya yi nasara a kan masu wata alewa mai suna Minta Supermint. Sunayen ba su yi kama ba ko kaɗan, takardar da aka naɗe alewar da ita ce ta yi kama.

Shari'o'in Onitsha da Kano sun tsaya ne a kan abin da za a iya kira sojan gona, wato mutum ya sayar da kayansa a matsayin na wani. Wannan ƙofa a buɗe take har ga wanda bai yi rajista ba, kuma ita ce amsar masu cewa wanda ba ya da satifiket ba ya da komai. Yana da wani abu, amma aikinsa ya fi yawa. Sai ya tabbatar wa kotu cewa ya yi suna a wurin masu saye, cewa ɗayan ya ruɗe su, cewa ya yi asara ko yana gab da yi. Rasit na shekaru, hotunan talla da shaidu daga kasuwa duk sai ya tara. Mai satifiket kuwa takardarsa ce hujjar farko ta mallaka. Dokar ta kuma kare wanda ya riga kowa amfani da suna ba yankewa: wanda ya zo daga baya ya yi rajista ba zai iya korarsa daga abin da yake yi tun farko ba, in dai ya iya nuna hujjar tun yaushe ya fara.

Shari'ar da ya fi kamata 'yan kasuwarmu su sani ita ce ta Ferodo da Ibeto. Ferodo kamfanin Ingila ne mai yin takalmin birki, yana sayarwa a kwali mai launin ja da baƙi da fari. Kamfanin Ibeto na Nnewi ya fito da nasa mai suna Union a kwali mai irin waɗannan launuka. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 2004 cewa kalmar Ferodo ce alamar da ke bambanta kayan, launuka da zanen kwali ado ne, kuma Union ba ta kama da Ferodo. Kamfanin Ingilar ya sha kaye.

In aka haɗa wannan da ta Trebor sai a ga inda gizo ke saƙa. A kasuwar da mutane da yawa ke gane kaya da hoto da launi, wanda ya yi rajistar kalma kaɗai ya kare abin da masu sayensa ba sa dubawa. Ya dace mai kaya ya saurari yadda ake kiran hajarsa a bakin kanti. In “mai zakara” ake cewa, zakaran nan ya fi kalmar Ingilishin da ke samansa buƙatar rajista. Tun gyaran 2023 ana iya neman rajistar mazubi da haɗin launi, kuma lauyoyi kan ba da shawarar a raba: kalma da takardarta, tambari da tasa.

## Rajista tana tsayawa a bakin iyaka

Satifiket ɗin Abuja yana aiki daga Legas zuwa Illela, daga nan ya tsaya. Ga ɗan kasuwar da kayansa ke shiga Maraɗi da Damagaram ko Garwa ko Njamena wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk maƙwabtan Najeriya huɗu na kan tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, suna cikin wani tsari ɗaya da Najeriya ba ta ciki. Ƙungiyar OAPI ce, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, tana da ƙasashe 17. A waɗannan ƙasashe babu rajistar alama ta ƙasa ɗaya. Ɗan kasuwar Yamai ya shigar da takardarsa ta ofishin tuntuɓar ƙungiyar da ke ƙasarsa, in ta fito ta rufe ƙasashen 17 gaba ɗaya na shekara 10, ana sabuntawa. Shi ma rajistar kasuwanci da ya yi don buɗe shago ba ta kare masa sunan haja, daidai da CAC a Najeriya.

Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba da ɗan sarari: wanda ya shigar da nema a Abuja yana da wata 6 ya shigar a Yawunde a ƙirga masa daga ranar farko. Akwai kuma tsarin Madrid da hukumar WIPO ke gudanarwa daga Janiba, inda takarda ɗaya ke isa ƙasashe sama da 100. Ghana da Sudan suna ciki, OAPI ta shiga a 2015, Najeriya ba ta shiga ba. Saboda haka, in ban da ƙasashen OAPI, ɗan kasuwar Kano sai ya bi ƙasa ƙasa.

Wanda ya fi fuskantar haɗari shi ne mai zuwa Gwanzu a ƙasar Sin ya sa a buga masa kaya da sunansa. A Sin wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna, kowa ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Wani na iya yin rajistar sunan a can, ko dillali ko ma'aikatar da ke yin kayan, sannan ya sa kwastan ɗin Sin su tsare kwantena a tashar ruwa da hujjar cewa tana ɗauke da alamarsa. Manya ma ba su tsira ba: a 2012 Apple ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 kafin ya samu sunan iPad a Sin.

## Bayan satifiket ya fito

Satifiket kamar takardar fili yake: yana nuna mai wuri, amma ba ya gina katanga. Ofishin rajista ba ya yawo kasuwa yana neman masu kwaikwayo, mai alama ne zai sa ido. Yawanci ana farawa da wasiƙar lauya ta gargaɗi, kuma sau da yawa maganar kan mutu a nan, ko a gaban shugabannin kasuwa. In ta ƙi, sai Babbar Kotun Tarayya, wadda kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa irin wannan shari'a. Kotu na iya hana mai kwaikwayo ci gaba, ta sa ya biya diyya ko ya dawo da ribar da ya ci, ta sa a miƙa kayan a lalata. Tana iya ba da izinin shiga sitonsa ba sanarwa don kada ya ɓoye hujja. Buga alamar wani a kan kayan jabu laifi ne kuma da 'yan sanda da NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ke iya shiga ciki.

Alama na iya kuɓuce wa mai ita ba tare da ɓarawo ba. In aka yi shekara 5 a jere ba a yi amfani da ita ba, wanda abin ya shafa na iya neman a soke ta. In aka manta sabuntawa, a cire ta daga kundi. Akwai kuma asarar da farin jini ke jawowa, wato suna ya zama sunan kowane kaya na wannan jinsi. A Amurka haka asfirin ya kuɓuce wa kamfanin Bayer a 1921. A bakin Bahaushe kowane garin wanki omo ne, kowane man goge baki makilin, kowane ɗanɗanon miya magi. Masu waɗannan sunaye ba su rasa rajistarsu ba, amma wannan ne ya sa kamfanoni ke dagewa a talla su ambaci jinsin kaya kusa da sunansu.

## Inda ra'ayi ya rabu

Ƙananan 'yan kasuwa da yawa na ganin abin na masu kuɗi ne. Kuɗin ofis a kowane aji, kuɗin wakili, jiran shekara, sannan in an taka ka sai shari'ar da ka iya cin shekaru: me takarda za ta yi wa wanda ba ya iya ɗaukar lauya? Ƙorafin yana da tushe, kuma jinkirin ofishin da na kotuna ne ke ƙarfafa shi. Sai dai yana duban gefe ɗaya. Rajista ba don kai ƙara kaɗai ake yin ta ba, tana hana wani ya riga ka ya dawo ya ce kai ne mai kwaikwayo. Wanda aka tilasta wa sauya suna bayan ya buga leda dubbai, ya yi allo, ya saba wa masu saye, asararsa ta ninka kuɗin rajista nesa ba kusa ba.

Wasu kuma na cewa jabu rufin asirin talaka ne. Wanda ba ya iya sayen shaddar Getzner ya sayi mai kama da ita, ya san ba ita ba ce, mai kanti ya sani, wa aka cuta? A yadi ana iya jan wannan magana. A maganin zazzaɓi ko takalmin birki ba ta jawuwa, domin mai saye ba ya da hanyar gane abin da ke ciki sai sunan da ke waje. Dokar ma ba ta hana kaya masu araha ba. Abin da ta hana shi ne a lulluɓe su da sunan wani.

Ta fuskar addini an taɓa jin masu cewa suna ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba, don haka ba dukiya ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba batun a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamarsa da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne masu darajar kuɗi, ana iya sayar da su, kuma keta su bai halatta ba. Ko wanda bai bi wannan fatawa ba zai yi wuya ya fitar da sayar da jabu da sunan na gaskiya daga babin algus.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta sunayen da na al'umma ne. A 2021 aka gano cewa wani kamfanin tufafi na Birtaniya, Timbuktu Global, ya yi rajistar kalmar Yoruba tun 2015, kuma sai da aka yi ca a kansa ya sake ta. Habasha ta yi doguwar taƙaddama da Starbucks kan sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, kafin su daidaita a 2007. A Nijar wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman haƙƙi a kan albasa da sunan Galmi, manoma da gwamnati suka tashi tsaye. Maganin irin wannan ba alamar mutum ɗaya ba ce. Akwai rajistar da ake yi wa kayan da suka yi suna da yankinsu, wadda duk mai sana'ar a yankin ke amfana da ita in ya cika sharuɗɗa, kuma OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar irinta.

## Kasuwa na faɗaɗa, alama na zama gado

Yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka ta samu ƙarin babi kan irin waɗannan haƙƙoƙi, wanda shugabanni suka amince da shi a Adis Ababa a Fabrairun 2023, amma bai soke rajistar ƙasa ko ta OAPI ba. Yadda kaya za su ƙara ƙetare iyaka, haka sunaye za su ƙara cin karo da juna. A Najeriya an sha gabatar da ƙudurorin sabunta dokar 1965 gaba ɗaya da bai wa ofishin cin gashin kansa, kuma har zuwa gyaran 2023 faci aka yi, ba sabon gini ba.

A cikin gida kuma akwai tambayar da ake tsallakewa ranar cike takarda: sunan wa za a rubuta? Alama dukiya ce, ana sayar da ita, ana ba da hayarta ga wani ya yi kaya da ita bisa yarjejeniya, ana gadonta. 'Yan'uwa biyu da suka fara gidan burodi tare, in aka rubuta sunan ɗaya, shi ofishin ya sani ranar da suka rabu. In aka bar wakili ko mai rarraba kaya ya rubuta nasa don a yi sauri, sai an koma kotu kafin a karɓo. In sunan kamfani aka rubuta, alamar na bin kamfanin duk wanda ya mallake shi. Idan mai ita ya rasu kuma, rabon gado da aka yi a gida ba ya sauya abin da ke kundin Abuja sai magada sun kai takardunsu an rubuta sabon mai ita.